Gasar da Babu Kofi

Kowane watan Yuni masu keke kan taru a Banff ta Kanada, su nufi iyakar Amurka da Meziko ta dazuzzukan duwatsun Rocky. Sunan gasar Tour Divide: sama da kilomita 4,000, galibi kan burji da tsakuwa. Babu kuɗin shiga, babu kyauta. Tayarka ta fashe, kai ne mai faci. Dare ya yi, ka kwanta a gindin itace rungume da gwangwanin feshin barkono, don beyar na sintiri a dajin Montana. Ga kwalta sumul a ƙasarsu, amma burjin suke so, Allah ya shirya. Zakaran kuwa, bayan kimanin mako biyu, abin da ke jiransa shingen iyaka ne da kumburarrun ƙafafu.