Tayar Kawu da Takardar Shekara

A ƙa'ida, duk shekara abin hawa kan je gaban jami'an VIO su duba birki, fitila da taya kafin a sabunta masa takardar lafiya. A ƙa'ida fa na ce.

Kawuna yana dakon albasa daga fadamar Wurno zuwa kasuwar Acida a kan babur ɗinsa Boxer. Tayar kamfani ta ƙi jure buhu uku da yashi, sai ya cire ta baya ya sa wata ƙatuwa mai haƙora kamar ta tarakta. Mai faci kuma ya shimfiɗa mata tsohon tiyub a ciki saboda ƙaya. Tun daga Rabah har Goronyo, yara kan gane sawunsa.

Na ce masa, "Kawu, wannan ba za ta tsallake bincike ba. Faɗinta ya fi ƙarfin rim, tana gogar murfin sarƙa. Ga lambobi huɗun nan na gefenta, mako da shekarar ƙira ne: 2316. Hukumar kiyaye haɗurra kuwa shekara huɗu take ba taya."

Ya tsuguna, ya goge ƙurar da hannun riga, ya daɗe yana kallo.

"Ɗana, wagga taya ta haye gulbin Rima da damina. Wane bincike ya rage?"

Ranar sabunta takarda, ya ari tayar maƙwabci ya nufi Sakkwato. Kafin la'asar an mayar wa mai ita, da goro biyu.