Rabi ta Bayan Unguwa

Akwai wani magidanci a birnin Daura, ba zan kama suna ba, mai baki ne kuma ya san tarihi. Duk Sallar Gani shi ke kai baƙi rijiyar Kusugu. Ya ba su labarin macijiyar da ta hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, ya jero matan da suka mulki ƙasar nan tun daga Kufuru har Daurama, ya daki ƙirji ya ce a nan mace ta riƙe gari tun Bayajidda bai iso ba.

Wata baƙuwa daga Kano ta bar masa tsaraba, littafin Balaraba Ramat Yakubu na 1990, Alhaki Kwikwiyo Ne. Ya zauna a dakali yana karanta wa 'yan majalisa. Da ya zo inda Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'ya tara saboda amarya, sai ya hau Allah wadai. Da ya ga Rabi ta kama sayar da abinci ta riƙe yaranta, ya ce lallai wannan jinin Daurama ce.

Wata tsohuwa mai tallar daddawa ta sauke ƙwarya tana saurare. Ta ce, "Malam, a gafarce ni, ita Rabin nan a ina take?" Ya ce a Kano. Ta ce, "To, ni na san wata a bayan unguwar nan. Tun asuba tana gaban kasko. Da cinikin ƙosai take biyan haya, da shi ta sayo wa autanta magani da zazzaɓi ya kayar da shi, ta ɗinka wa babbar kayan makaranta. Shekara uku uban yaran bai aiko ko da tiyar gero ba. An ce mutum ne mai sanin tarihi."

Majalisa ta yi tsit, mai littafi ya sunkuyar da kai.

Balaraba ta san abin da ta rubuta, domin ita ma tana yarinya ƙarama aka cire ta daga makaranta aka aurar da ita. Jarumtar Rabi gaskiya ce, amma zalunci ne ya tilasta mata ita, kuma yabo ba ya sauke ciyarwar da Allah ya ɗora wa uba. Duk wanda ya saki mace ta tafi da 'ya'yansa, ya aika musu da hatsi da kuɗin makaranta a watan nan, kada ya jira sammacin alƙali.