Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Zuciya

Hajiya, ya aiki, ya haƙuri da ni?

Zan fara da yabo, don kada ki ce na zama butulu. Shekara arba'in da bakwai muna tare, kullum kina bugawa wajen sau 100,000, ba ki taɓa neman hutun rabin yini ba. Iyakarmu ta Illela ma an rufe ta a Agustan 2019, aka sake garƙame ta a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, manyan motoci suka yi ta kwana a layi. Ke kuwa ƙofarki ba ta taɓa rufuwa ba.

To amma, Hajiya, me ya faru ranar Lahadin nan a kara? Ina tsakiyar cinikin bijimi da wani baƙo daga Ƙonni, sai na ji kin yi tuntuɓe, kin yi shiru, sannan kin doki ƙirjina kamar mai bin bashi ya zo ƙofar gida. Na sallama bijimin da arha don tsoro. Inna ta ce faɗuwar gaba ce, mugun labari na tafe. Wani aboki ya ce iska ce. Mai shayinmu, wanda a wurinsa ko ciwon ƙafa olsa ne, ya ce olsa ce.

Na bi ta Gwadabawa da Kware har Sakkwato don in kai ƙararki. Da aka manna mini wayoyin ECG sai kika nutsu kamar amarya a gaban dangin miji. Likita ya yi dariya, ya ce gwajin daƙiƙa goma ne kawai, ɓarawo ba ya sata a gaban alƙali. Ya rataya mini na'urar Holter ta awa 24. Ba'amurken da ya ƙirƙiro ta, Norman Holter, tasa ta farko ta kai wajen kilo 38. Na gode Allah tawa ba ta fi ƙaramar rediyo ba. Ita ta tona miki asiri.

Ashe ba tsayawa kike yi ba. Akwai ɗan wuri a samanki da ke ba da umarnin kowane bugu, shi ne liman. Wani lokaci sai wani mamu mai zumuɗi a can ƙasa ya riga liman ruku'u. Bugun nan ya zo kafin ki cika da jini, don haka da kyar nake jinsa. Sai ki dakata sahu ya daidaita, jini ya taru fiye da kullum, bugu na gaba ya zo da ƙarfi. Sauri ya haifi nawa ke nan. Likita ya ce yawancin masu lafiya suna da irin wannan mamun, ba su dai jin motsinsa. Nawa ɗari huɗu da 'yan kai ne a yini. Damuwar likitoci takan fara ne idan abin ya haura bugu ɗaya cikin goma, ko zuciyar na da wani ciwo dama. An duba hotonki, an auna jini don ƙarancinsa da maƙoƙo, duk lafiya.

Na amsa laifina. Goro uku kafin azahar, shayin Buzaye har zagaye na uku, Nescafé a kai, barcin awa huɗu, ga zafin Afrilu ina yawo ba ruwa a ciki. Na rage duka, kuma kin sassauta, na shaida.

Sai dai kwanan nan kin canza salo. Bayan na rage, da sai dare kike taɓa ni, in na kwanta ta hagu. Yanzu har bayan tuwon rana, wani lokaci biyu a jere. Likita ya ce in salon ya canza in koma, kada in tsaya a kemis ina sayen ƙwaya da ka. Ya kuma ce ranar da tuntuɓen ya zo da jiri ko suma, ciwon ƙirji, haki, kumburin ƙafa, ko kika kama gudu ba tsayawa, ko ya same ni ina aikin ƙarfi, babu jiran ranar kasuwa, sai asibiti. Na faɗa wa uwargida ta isar wa masu jego wannan gargaɗin, don ciwon zuciyar bayan haihuwa sananne ne a ƙasar Hausa, likitocin Zariya sun yi rubutu a kansa tun shekarun 1970.

Ranar Litinin zan sake kai ki Sakkwato. Don Allah, Hajiya, wannan karon ki yi halinki a gaban likita, kada ki mai da ni maƙaryaci. Kuma a bar mini ɓarin goro guda bayan la'asar.

Naki har kullum,
Mai masaukinki, Illela.