Keken Kano a Tudun Jos

Bakanon da ya koma Jos da zama yakan tafi da imanin cewa keke dai keke ne, Phoenix mai giya ɗaya ta ishe shi. Yana da uzuri: a Kano in ka cire Dala da Goron Dutse, ƙasa shimfiɗe take kamar tabarma. Jos kuwa tana bisa tudun da ya kai kusan mita 1,200, ga hawa ga gangara. Nan ne za ka ga dattijo yana tura kekensa yana haki, wai kamfani ne ya ha'ince shi.

Mai shagon keke zai yi ta kurarin giya 21, wato faifai 3 a gaba, 7 a baya. Ka bar shi ya gama, sannan ka duƙa ka ƙirga haƙoran faifan. Wurin hawa ƙaramin faifai ake so a gaba, babba a baya. In kowanne 28 ne, juyin feda ɗaya juyin taya ɗaya: yaro mai tallan gyaɗa zai wuce ka a ƙafa, amma dai kana bisa sirdi, mutuncinka na nan.

Kafin ka biya kuɗi, Malam, gwada birki ma. Duk hawan da ka yi akwai saukowa.