Canjaras, Amma Kowa Shi Ya Ci

A gasar ces ta 'yan koyo, babu sakamakon da ya kai kunnen doki haifar da jarumai. Wanda aka lallasa yakan sulale ya nemi mai shayi. Wanda ya ci yakan yi ɗan murmushi ya wuce. Amma in aka tashi canjaras, kowa ya karɓi rabin maki, to ranar kunnuwa za su sha labari.

Mutum biyu sun shafe awa uku sun dafe kai kamar masu lissafin rabon gado. Ɗaya na da sarauniya, ɗayan kuwa sarki kaɗai ya rage masa, ya maƙale a lungun allo. Gogan naka ya gyara hula, ya waiga ya tabbatar 'yan kallo na gani, ya dangwarar da sarauniya har tebur ya amsa. Sai alƙalin wasa ya leƙo: sarkin nan ba shi da gidan da zai taka, kuma ba a kai masa hari ba. A dokar FIDE, hukumar ces ta duniya, canjaras ke nan.

Daga nan ake buɗe zama na biyu, wanda ya fi wasan tsawo.

"Wallahi Malam, tausayinka na ji."

"Haba Alhaji! Ai tarko na ɗana maka tun motsi na goma."

Tarkon da ya cinye masa dawaki biyu da sojoji takwas ke nan fa. 'Yan kallo kuma, waɗanda rabinsu ba su san yadda doki ke tsalle ba, kowa ya miƙo hannu cikin allo: "Da nan ka bi, da tuni an gama."

Akwai kuma masu canjaras ɗin zumunci. Motsi takwas, a kalli juna, a yi musafaha, a nufi wajen abinci. Ka yi magana su ce ai Magnus Carlsen da Fabiano Caruana ma sun yi canjaras 12 a jere a Landan a 2018, a karawar kambun duniya. Haka ne. Sai dai wasansu na farko kawai ya kai motsi 115. Naku kuwa tsoro ne da ƙamshin shinkafa.

Masu shirya gasa, don Allah ku riƙa sa wa bayanin bayan wasa agogo shi ma. Kowa minti biyar, wanda lokacinsa ya ƙare a ƙwace rabin makinsa.