Wat Takwas da Lasifika Mai Taurin Kai

Akwai masoya kiɗa da ba su yarda da amfilifaya ba sai mai ƙwan gilashi, irin 300B na Western Electric, wanda ke ɗumama ɗaki amma wat 8 kacal yake bayarwa. Sai mutum ya haɗa shi da LS3/5a ta BBC, 'yar ƙaramar lasifika mai haɗama, da ƙyar take kai desibel 83 a wat ɗaya. An ɗora wa jaki kayan raƙumi ke nan. Duk ƙarin desibel 3 sai an ninka wat, don haka ganga na shigowa sauti ya shaƙe.

Maigida fa ya zuba kuɗin mota, ina zai yarda? Sai ya jawo kujera kusa, ya kashe fanka, ya hana yara tari.