Masu Kashe Furen Ƙarfe Goma a Jiwa

Furen ƙarfe goma ba ya son gata. Asalinsa Kudancin Amurka ne, wajejen Barazil da Ajantina, inda ya saba da rairayi da rana mai ƙuna. Ɗan'uwan harshen saniya ne da ke tsirowa a bakin juji, ganyensa ƙunshe da ruwa, don haka fari ba ya tayar masa da hankali. Bukatarsa a tukunya ba ta da yawa: yashi da baƙar ƙasa kusan rabi da rabi, huji a gindin tukunyar, sai rana ta awa 6 ko fiye. Amma a Jiwa kashe shi ake yi, kowa da irin hannunsa.

Akwai Alhaji mai taki. Tunda karar Dei-Dei na nan kusa, buhu guda na kashin shanu yake sa a kawo masa, ya ƙara da ɗanyen kashin kaji. In an yi sa'a saiwar ba ta ƙone ba, sai ganye ya yi shar, fure kuwa ko na rantsuwa. Ka tambaye shi, ya ce, "Ƙoshi ne, Malam, ƙyale shi ya huta."

Hajiya mai tausayi ta fi shi ɓarna. A bokitin fenti ta dasa nata, ta kuma hana a huda shi don kada ruwa ya ɓata mata tayil. Safe ruwa, yamma ruwa, har cikin watan Agusta da marka ke kwana tana zuba a Abuja. Saiwa ta ruɓe, kara ya yi laushi ya yi baƙi, Hajiya ta tsaya a kansa tana salati. Ba za ka taɓa jin ta zargi butarta ba. Baki ne, in ji ta, kuma ta san maƙwabciyar da ta yaba shi ranar suna ba ta ce tubarkalla ba.

Mai jar ƙasa shi ba ruwansa da kashe kuɗi. Bayan ɗaki ya haƙa, ya danna a tukunya. Da hunturu ya shigo ta daskare kamar bulo.

Sai ɗan boko, wanda ya tafi har Wuse ya sayo ƙasa a leda mai rubutun Turanci. Irin wannan haɗin an yi shi ne don ya riƙe danshi, abin da furen nan ya ƙi jini. Ka ce ya zuba yashi, ya dube ka sheƙeƙe: "Yashi? A ƙasar da na saya da kuɗina?" Sannan ya ajiye tukunyar a falo kusa da talabijin, inda rana ba ta taɓa leƙawa.

Wanda nake tausayi shi ne ma'aikacin gwamnati. Bawan Allah ya yi komai daidai, yashin nan, hujin nan, ranar nan. Sai dai da an idar da asuba yake fita don ya riga cunkoson hanyar Gwagwa da Karmo, ba ya dawowa sai bayan magariba. Shi kuwa furen sai hantsi ya dubi ludayi yake buɗewa, kafin la'asar ya tsuke bakinsa. Asabar ɗaurin aure, Lahadi taron 'yan garinsu. Ya daɗe yana cewa mai fulawar bakin titi ya cuce shi, ya sayar masa da juya. Uwargida ta rantse yana fure kullum, har hoto ta tura masa ta WhatsApp, ya ce na gidan wasu ne.

Ita kuwa Inna, a fasasshiyar tukunyar ƙasa ta watsa nata, da yashin da ta sharo inda tifa ta juye wa masu gini. Ja, rawaya, fari, har yana zubowa ta gefe. In ka nemi sirrin, sai ta ce, "Ni, ɗan nan, ina na ga lokacin ba ciyawa ruwa?"

Gidanta wani mai tsinkar reshe yake zuwa gaisuwa. Ya san ɗan reshe in an soka shi a ƙasa, kwana kaɗan ya yi saiwa. Yana "Ina wuni, Inna, ya ƙarfin jiki?" hannunsa na baya yana aiki. Yaron Alhaji mai taki ne, kuma an riga an cika sabuwar tukunya da kashin kaji tana jira.